GYARAN HANYAR BURJI: JAWABI GA MANOMA DA DAGATAI

Ya ku manoma da shugabannin ƙauyuka, kowa a cikinku ya san abin da ya kan faru cikin watan Agusta, sa'ad da marka ta zauna. Hanyar nan da ta fito daga ƙauye ta nufi bakin titi, wadda da rani yaro ya kan bi ta bisa keke ba ya ko sauka, sai ta koma taɓo da ramummuka. Mai motar da ya saba zuwa ran kasuwa ya ce shi ba ya jefa motarsa cikin halaka. Taki ya tsaya a bakin titi, sai an ɗauko shi a ka ko a jaki. Mai ɗanyar masara da kuɓewa ya sayar a wulaƙance, don ba shi da halin kai su kasuwa kafin su lalace. Abin da ya fi duka tsanani kuwa, in naƙuda ta zo wa mace da gardama cikin dare, tafiyar rabin sa'a zuwa asibiti sai ta ci sa'a uku, wani lokaci ma ba a isa da mai rai.

Abin da mu ke so mu nuna muku cikin wannan takarda guda ne. Ruwa shi ke kashe hanyar burji, mota sai dai ta ƙarasa ta. Korar ruwa daga kan hanya kuwa aiki ne da fartanya da shebur su ke iyawa, muddin an yi shi kan kari, an kuma raba nauyinsa da adalci tsakanin masu bin hanyar.

HANYAR WA CE?

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya sa gini da gyaran hanyoyi da magudanan ruwa cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Amma akwai hanyoyi da yawa waɗanda ba su cikin littafin kowa: wadda ta ratsa gonaki ta gangara fadama, da wadda ta nufi 'yan gidaje goma a bayan tudu, da ta sabuwar unguwa inda aka yanka filaye a gefen gari. Irin waɗannan, in masu gonaki da masu gidajen da ke bakinsu ba su kula da su ba, to, ba mai kulawa.

Ko wadda hukuma ta yi da kuɗinta ba ta tsira ba. Cikin 1986 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar DFRRI, ta share hanyoyin karkara masu yawa ƙwarai. Da dama cikinsu ba su daɗe ba suka lalace, gama an yi shirin yin su, ba a yi shirin wanda zai riƙa gyaransu ba. Cikin 1988 kuma Bankin Duniya ya yi lissafi, ya ga ƙasashe 85 masu tasowa sun yi hasarar hanyoyi na wajen dala miliyan dubu 45 cikin shekara ashirin, alhali kuwa da an kashe miliyan dubu 12 wajen ƙananan gyare-gyare da ba a yi wannan hasara ba. Watau kwabo guda na rigakafi ya kan tsare kusan kwabo huɗu na magani.

Sabo da haka kada ku zauna jiran motar gireda. Ku nema, in ta zo ku yi murna, amma ku sani sau ɗaya ta ke zuwa, ruwa kuwa kowace shekara ya ke zuwa.

HANYA SORO CE

Duk mai soro ya san abu uku. Rufin ya zama da gangare, indararo ya zama a buɗe, kuma a yi yaɓe kafin ruwan fari. Wanda ya yi sakaci da ɗaya cikinsu, damina za ta same shi har cikin ɗaki. Haka hanyar burji ta ke. Doronta shi ne gangaren rufi, lambatu shi ne indararo, cike ramuka kuwa shi ne yaɓe.

Ku duba yawan ruwan da a ke magana. Ku ɗauki hanya mai tsawon kilomita 1, faɗinta mita 5. In aka yi ruwa mai ƙarfi sau ɗaya, wanda ma'aunin malaman gona ya nuna milimita 30, abin da ya sauka bisa hanyar kaɗai lita 150,000 ne, watau cikin duro 750 irin na mai. Ba mu ko lissafa wanda ya gangaro daga gonaki ba. In wannan ruwa bai sami mafita nan da nan ba, ɗayan biyu ne: ko ya kwanta ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashin burji ta yi taushi, ko ya bi tsawon hanya da gudu ya haƙa kwari a tsakiyarta.

Wannan ba sabon sani ba ne. John McAdam, mutumin Sikotilan wanda aka ba riƙon hanyoyin Biristol a Ingila cikin 1816, ya yi suna a duniya wajen aikin hanya, kuma jigon koyarwarsa shi ne ƙasar wurin ita ke ɗaukar nauyin abin hawa, za ta kuwa ɗauka muddin tana bushe. Dutsen da a ke zubawa bisa rufi ne kawai.

DORON HANYA

Lalle tsakiyar hanya ta fi gefenta tudu. Ƙa'idar masu aikin hanya ita ce, daga tsakiya zuwa gefe, kowace mita 1 ta sauka da santimita 4 zuwa 6, kamar faɗin yatsu uku. In faɗin hanyarku mita 4 ne, tsakiyarta za ta ɗara gefe da wajen santimita 10, kamar faɗin tafin hannu.

Ga yadda za ku auna. Ku kafa turke a gefen dama, wani a gefen hagu, ku ɗaura igiya ta ratsa hanya tana taɓa tsakiya. Ku daidaita ta da siririn tiyo mai ruwa irin wanda magina su ke daidaita gini da shi. Sa'an nan ku duba tazarar da ke tsakanin igiya da ƙasa a gefe. In ba ta kai tafin hannu ba, doro ya kwanta, sai ku jawo burjin da ya zube gefe ku mai da shi tsakiya. Amma fa kada doron ya wuce kima, don in ya cika tsini mota mai lodi ta kan karkata, babur kuma ya zame in an yi ruwa.

Akwai wani abu da ya kan ruɗi mutane. Ƙasa da ciyawa su kan taru a bakin hanya har su yi kunya, sai ruwan da ya gangaro daga doro ya rasa hanyar faɗawa lambatu, ya bi gindin kunyar yana ci. Duk inda kuka ga irin wannan kunya ku baje ta.

LAMBATU DA MAFITAR RUWA

Kowane gefe na hanya ya sami lambatu, zurfinsa ya kai wajen santimita 30 ƙasa da bakin hanya. Kada ku haƙa shi da bango a tsaye kamar kabari, gama zai rufta. Ku yi shi mai faɗi, bakinsa a kishingiɗe kamar cikin akushi, yadda za a iya yashe shi da shebur, jaki kuma ya ƙetare ba ya karya ƙafa.

Lambatu ba wurin ajiye ruwa ba ne. In ruwa ya yi doguwar tafiya a cikinsa sai ya ƙaru, ya yi ƙarfi, ya mai da lambatun kwazazzabo. Sabo da haka ku riƙa yanka masa mafita, watau ɗan reshe da zai karkatar da ruwan ya bar hanya ya bazu cikin fili. Inda ƙasa ta ke kwance, mafita guda cikin taku hamsin ko sittin ta isa. Inda gangare ya yi tsanani, ku matso da su kusa da juna, kowane taku ashirin. A kan gangaren kuma ku jera 'yan shingaye na duwatsu ko na turaku a cikin lambatu, tsakiyarsu ta fi gefe gajarta, don su karya gudun ruwa. Ku dasa jema ko ƙiri-ƙiri a bakin lambatu da bakin mafita, saiwarsu ta kan riƙe ƙasa.

A nan ne rigima ta kan tashi, domin kowace mafita cikin gonar wani ta ke zuba. Dagaci ya tara masu gonakin tun da rani a yi shawara. Ku nuna musu cewa in mafita ta yi yawa, ruwan kowace guda kaɗan ne, ba ya ɓarna. Wanda ya toshe tasa ya tura wa maƙwabcinsa ninki biyu ne. A ƙasashen da ruwa ya ke da ƙaranci, kamar arewacin Katsina da Maraɗi da Damagaram, ruwan hanya ma riba ne ga mai gona in ya iya karkatar da shi zuwa gindin itatuwa ko cikin kunyoyi.

Inda ruwa ya ke ƙetare hanya, sai kwalbati. Kada faɗin bakinsa ya gaza santimita 60, don ƙarami ya kan toshe da yashi da kara, ba kuwa mai iya shiga ya yashe shi. A binne shi da ɗan gangare, a rufe shi da ƙasa daɓaɓɓiya wadda kaurinta bai gaza santimita 30 ba, in ba haka ba babbar mota ta fasa shi. A jera duwatsu inda ruwa ke fita don kada ya haƙe gindinsa. Ƙoramar da ba ta kawo ruwa sai an yi sama, sau da yawa ya fi sauƙi a shimfiɗa mata duwatsu ko kankare a ƙasa, ruwa ya bi ta bisa, in ya janye a wuce.

Ku masu gidaje a bakin hanya, kada kowa ya cike lambatun ƙofar gidansa don ya sami mashiga. Ya sa kwalbati ko ya ɗora murfi. Kada kuma a zuba shara a ciki. Ku manoma, in kuna huɗa ku bar taku guda tsakanin kunyar ƙarshe da lambatu. Ku bar burtali da faɗinsa, gama in an matse shi shanu bisa hanya za su hau, su tattake lambatu.

BURJI MAI KYAU

Ba kowace jar ƙasa ce burji ba. Mai kyau ya haɗa abu uku: tsakuwa mai ɗaukar nauyi, da yashi mai cike tsakaninta, da ɗan yumɓu mai ɗaure su. In yumɓu ya yi yawa, hanya ta yi santsi da damina. In ya yi kaɗan, tsakuwa ta watse da rani. Tsakuwar rafi mai sulɓi ba ta kama juna. Marmara da aka fasa ta fi ta nesa. Dutsen da ya fi ƙwan zabo girma ku fasa shi ko ku tsince shi, don ƙafar mota za ta tono shi ta bar rami.

Kafin ku biya kuɗin tifa ku gwada. Ku jiƙa burjin kaɗan ku dunƙule a hannu. In ya dunƙulu ya tsaya, kuna kuma jin tsakuwa tana sukar tafinku, mai kyau ne. In ya wargaje, yumɓu ya gaza. In ya liƙe a hannu kamar ƙasar gina tukunya, yumɓu ya yi yawa. Ko kuwa ku zuba shi cikin kwalba zuwa rabi, ku cika da ruwa, ku girgiza, ku ajiye ya kwana. Tsakuwa za ta kwanta a ƙasa, yashi bisanta, laka a can sama. Lakar ta zama kamar kashi ɗaya cikin goma ko sama da haka kaɗan.

Kaurin burji bayan an daɓe shi ya kai santimita 10 zuwa 15. Ga lissafi: tsawon mita 100, faɗin mita 4, kaurin santimita 10, zai ci abin da ya kai akwati 40 mai mita guda ta kowace fuska, in an daɓe. Da ya ke sako-sako a ke kawo shi, ku nemi wajen 50. Kun ga ashe ba abu ne mai araha ba. Don haka kada ku zuba sabon burji bisa hanyar da ba ta da doro da lambatu, zubawa cikin rafi ke nan. A fara gyara ruwa tukuna. In kuɗi bai isa a yi hanya duka ba, a fara da wuraren da mota ke kafewa, domin taku ɗari na taɓo shi ke rufe hanyar kilomita biyar.

Ramin da kuka ɗebi burji kuma kada ku bar shi da baki a tsaye. Ku kwantar da bakinsa, don kududdufi mai zurfi a gefen ƙauye ya sha cin yara.

RAMI DA GARGADA

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rami ya kan fara kamar tafin hannu, ruwa ya kwanta ciki, kowace ƙafar mota ta fantsamar da ruwan tare da lakar da ke ɗaure tsakuwa, har ya zama abin da ke karya mota. Ga yadda a ke cike shi. A kwashe ruwa da taɓo. A sare bakinsa da diga a tsaye har a iske ƙasa mai tauri. A yayyafa ruwa. A zuba burji irin na hanyar, mai ɗan danshi, kaɗan kaɗan, kowane zubi a daɓe shi da madaɓi ko guntun turmi kamar yadda mata su ke daɓen ɗaki. A bar shi ya ɗan fi hanya tudu, mota za ta ƙarasa danne shi. Kada a cike rami da shara ko kara ko baƙar ƙasar gona.

Gargada kuwa, watau 'yan kunyoyin nan da ke ratsa hanya a jere suna kaɗa haƙoran matafiyi, ciwon rani ce. Cikin 1963 wani masani a Ostareliya, Keith Mather, ya nuna da gwaji cewa ƙafar abin hawa in tana gudu bisa busasshiyar ƙasa sako-sako sai ta ta da gargada, in kuwa tana tafiya sannu ƙwarai ba ta tayarwa. Maganinta rage gudu, da burji mai isasshen yumɓu, da kankare ta tun tana ƙarama.

Akwai wata dabara mai araha wadda ta dace da masu shanun huɗa. Wani manomi a jihar Misuri ta Amurka, D. Ward King, shi ya yaɗa ta, har Ma'aikatar Gona ta ƙasarsu ta buga takarda a kanta domin manoma cikin 1908. A sami gungume mai tsawon mita 2 ko fiye kaɗan, a tsaga shi biyu. A jera ɓarin biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, fuskar da aka tsaga tana duban gaba, tsakaninsu kamar taku guda, a haɗa su da sanduna masu ƙarfi. A ɗaura sarƙa yadda in shanu sun ja zai tafi a karkace, yana tura ƙasa zuwa tsakiyar hanya. A tafi ta gefe guda, a komo ta ɗayan. Lokacinsa bayan an yi ruwa, sa'ad da ƙasa ta ke da danshi amma ba ta liƙewa. Kowane ja ya kan cike sawun mota, ya ƙara doro kaɗan.

In kun sami gireda, ku nemi ta zo lokacin da ƙasa ta ke da danshi, farkon damina ko ƙarshenta. Wani dattijo ya bi ta a ƙasa, ya tabbata mai tuƙi ya yanka har gindin ramuka, ya fid da doro, bai kuwa ture burjinku cikin lambatu ba.

NAUYI DA ƘURA

Tsakanin 1958 da 1960 an yi wani babban gwaji a jihar Ilinoi ta Amurka, aka riƙa zagaya motoci masu lodi bisa titi don a ga yadda nauyi ke cin hanya. Aka gano in an ninka nauyin da ke kan ƙafafun mota sau biyu, ɓarnar ta kan ninka wajen sau 16. Titi mai kwalta da kankare aka gwada, amma darasin ya shafi burji, balle jiƙaƙƙe. Tifa guda mai yashi, in ta bi hanya da safe bayan ruwan dare, ta kan ɓata abin da babura ba su ɓata cikin shekara ba. Don haka ne a Kamaru da Cadi a ke sa shingen ruwa a hanyoyin ƙasa, a tsai da manyan motoci har hanya ta sha iska. Ku ma ku yi yarjejeniya da masu tifa da masu tarakta. In hanyar ta jama'a ce duka, kada ku gicciya itace da kanku sai da iznin hukuma.

Ƙurar da ke tashi da rani lakar hanya ce ke tafiya, rage gudu shi ke rage ta. Kada ku zuba baƙin mai don kashe ƙura, gama ruwa zai kai shi rijiya da fadama. A garin Times Beach, cikin jihar Misuri ɗin nan, an riƙa fesa tsohon mai bisa hanyoyi cikin shekarun 1970, ashe yana gauraye da wata muguwar guba. Cikin 1983 sai da gwamnati ta saye garin ɗungum, aka kwashe mutanensa wajen 2,000.

RABON AIKI DA KUƊI

Duk abin da muka faɗa ba shi da wuya. Mai wuyar shi ne wa zai yi, wa zai biya. Gayya ta kan yi kyau shekarar fari. Shekara ta biyu sai na bakin titi ya ce shi taku kaɗan ya ke bi, mai jaki ya ce mai mota ke ɓarna, mai mota ya ce ai ya ba da na goro bara. Daga nan sai kowa ya janye.

Akwai ƙasar da ta daɗe da warware wannan, ya kamata mu duba yadda ta yi. A Finlan, can arewacin Turai, hanyoyin gwamnati wajen kilomita 78,000 ne, amma hanyoyin da masu gonaki da dazuzzuka da gidaje su ke riƙe da kansu sun haura kilomita 300,000, galibinsu kuwa na tsakuwa ne. Sun yi doka a kansu cikin 1962, suka sabunta ta, sabuwar ta fara aiki cikin 2019. Masu bin hanya guda su kan kafa ƙungiya, su zaɓi mutum guda ko 'yan kaɗan su riƙe ta, su yi taro a karanta abin da aka tara da abin da aka kashe. Rabon kowa kuwa bisa abu biyu a ke yanka shi: nauyin abin da ya ke bi da shi cikin shekara, da tsawon hanyar da ya ke bi. Baƙon da ya zo jigilar katako na ɗan lokaci, a kan yanka masa nasa kuɗi dabam. Wajen ƙuri'a, mai babban rabo ya fi murya, amma doka ta hana mutum guda ya wuce kashi 30 cikin 100 na muryar waɗanda suka zo taro, don kada mai dukiya ya mallake hanya.

Ga misali da buhu. A ce hanyarku kilomita 2 ce. Na farko gonarsa tana kilomita 1, ya kan fitar da buhu 100, rabonsa 100. Na biyu yana ƙarshen hanya, shi ma buhu 100, rabonsa 200. Na uku ɗan kasuwa ne a ƙarshen hanya, ya kan yi jigilar buhu 350, rabonsa 700. Jimla 1,000. In gyaran bana zai ci naira 100,000, na farko ya ba da 10,000, na biyu 20,000, na uku 70,000. A ƙara wa kowane gida ɗan rabo sabo da zirga-zirgar yau da kullum. Wanda ba shi da kuɗi ya biya da ƙarfinsa, a ƙimanta yinin aiki da kuɗi, a rubuta. Mai shanu ya biya da jan gungume. Gwauruwa da tsoho da marar lafiya, taro ya yafe musu a fili kowa ya ji.

Ku zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji, kada mutum guda ya haɗa biyu. Ku sami littafi guda, a rubuta sunan kowa da rabonsa, da faɗin hanya da iyakarta, da wurin kowace mafita, dagaci ya sa hannu. Kuɗi kuma kada su fita sai mutum biyu sun yarda.

Sa'an nan ku yanka hanyar gunduwa gunduwa, kowace gunduwa da mai ita. Kenya ta gwada haka. Tun daga 1974 ta shiga yin hanyoyin karkara da diga da shebur, in an gama sai a danƙa kilomita 1 da rabi zuwa 2 ga mutum guda da ke zaune kusa, a ba shi kayan aiki, ya yi kamar kwana uku a mako yana yashe lambatu da cike ramuka, a duba aikinsa a biya shi. Amfanin wannan shi ne, in wuri ya lalace an san ƙofar da za a buga.

AIKIN KOWANE LOKACI

1. Da rani, bayan an gama kai amfani gida: a yi taro, a karanta littafi, a tara kuɗi, a haƙo burji a jibge shi tsibi tsibi a gefen hanya.

2. Da bazara, kafin ruwan fari: a yashe lambatu da mafita da kwalbati duka. Wannan shi ne aikin da ya fi kowane muhimmanci cikin shekara.

3. Da ruwa ya sauka: a gyara doro, a zuba burji, a daɓe tun ƙasa tana da danshi.

4. Cikin marka: bayan kowane babban ruwa mai gunduwa ya zaga da shebur. In da hali ya fita ana cikin ruwan, gama a lokacin ne ruwa ke nuna inda ya ke so ya bi.

5. Da kaka, kafin motocin ɗaukar amfani su fara shigowa: a cike ramuka, a ja gungume tun ƙasa ba ta bushe ba, a sare ciyawar da ta rufe kwana.

To, ya kai dagaci, kada ka ajiye wannan takarda sai ka sa an karanta ta a dandali. Ka ɗauki dattawa uku da igiya, ku bi hanyarku da ƙafa daga ƙofar gari har bakin titi, ku ƙirga wuraren da ruwa ya kwanta bara, ku sa wa kowane wuri sunan wanda zai tsaya a kansa. In kun yi haka kafin hadarin fari ya haɗu, cikin Agusta mai zuwa mota za ta iso ƙofar gidanku.